Ruwan Kifin Maƙwabci da Ƙafar Baba

Anti Jawahir,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma in da hali kada ki sa wasiƙata a bayan layi, domin abin da nake tsoro yana iya faruwa kafin makon nan ya fita. Mahaifina yana kwance a asibiti da ciwo a ƙafa. Likitoci sun ce magani ɗaya ne ya rage da ke cin ƙwayar cutar da ke cikin ciwon, shi kuma ya rantse zai tattara kayansa ya koma gida kafin a gama yi masa. Duk gidanmu ƙarya muke yi masa a kan wani abu, kuma ina ganin ƙaryar ce ke neman fitar da shi daga asibitin. Ki yi haƙuri da tsawon zancen, ban san ta inda zan gajarta shi ba.

Gidanmu yana Fagge, ta ɓangaren da ya yi iyaka da Sabon Gari. Asalin iyayenmu Borno ne, amma mu duk a nan aka haife mu. Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, injin jirgi yake gyarawa. Maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu, zan kira shi Baba Boniface duk da ba sunansa ke nan ba, tare suka yi aiki a tashar jirgin ƙasa tun suna samari. Shi ma haihuwar Kano ne, in yana magana a bayan katanga ba za ki ce ba Bakano ba ne. Matarsa, Mama Philomena, ita ta raka Innarmu asibiti ranar da za a haife ni. Da Sallah mu kai musu nama da tuwo, da Kirsimeti kuwa Baba ake kira ya yanka musu kaji da akuya don mu ma mu ci. Haka na buɗe ido na tarar.

Da suka yi ritaya, Baba Boniface ya sayi manyan tankunan roba ya jera a bayan gidansa, ya shiga kiwon tarwaɗa, yana sayar wa masu gidajen abinci na Sabon Gari. Baba kuwa zama ya yi masa yawa, ga shi an gano yana da ciwon suga, ya zama mai faɗa, ko cokali ya faɗi sai ya yi magana. To kin san masu kifi kullum cikin canza ruwa suke. Da can kwata Baba Boniface ke sakin ruwan, mutanen layi suna ta ƙorafin wari. Sai wata rana Baba ya ce ai wannan ruwa ne da taki a haɗe, asara ake yi. Su biyun suka huda katanga, suka zura tiyo, Baba ya cika buhuna da ƙasa ya jera a tsakar gida, ya shuka alayyafo da yakuwa da latas da tattasai. Anti, da kin ga yadda ganyen nan ya yi. Har mata ke aiko yara a tsinkar musu. Baba ya sake, faɗa ya ragu, ya samu abin tashi da safe. Kullum da la'asar za ki ji su ta katanga suna tsiya. Baba ya ce kifayen Boniface sun fi 'yan fansho cin abinci mai kyau, shi kuma ya ce alayyafon Baba yana shan ruwan wankan kifinsa ko godiya babu. Baba na kiransa Sarkin Ruwa, shi yana kiran Baba Ministan Gona.

Wani lokaci ruwan kan fito rawaya. Na taɓa tambaya, Baba Boniface ya ce magani ne. In ya kawo ƙananan kifi sai ya zuba musu don kada su mutu, in ya ga ɗaya ya juya ciki sama sai ya zuba wa tankin duka, in yanayi ya canza ma ya zuba. Garin magani ne a leda da yake saya wurin mai abincin kifi, in kuma ya ƙare sai ya aika kemis a sayo kafso irin na mutane ya ɓare ya zazzage. Yana kuma karɓo kayan cikin kaji wurin masu fiɗa a kasuwa yana ba su. Ba wanda ya ga laifin haka. Baba ma cewa yake ranar ruwan rawaya ranar sa'a ce, don maganin zai kashe masa ƙwarin ganye.

Da silifas Baba ke ban ruwa, ruwan yana bin ƙafarsa. Wata rana ya taka guntun kwano, kuma saboda sugan bai ma ji ba, sai da Inna ta ga jini a kan sallaya. Ta wanke masa, ta ɓare kafso ja da rawaya ta barbaɗa garin a kan ciwon, kamar yadda kowa ke yi a layinmu. Da bai kame ba aka je kemis aka karɓo wasu kafso. Baba ya sha in yana jin zafi, in ya lafa ya ajiye, ya ce suna ɓata masa ciki. In ya sake tashi, Inna ta buɗe gwangwaninta. Tana da wani gwangwanin alewa da take tara ragowar magani, wanda na rage lokacin da aka ce ina da taifot, wanda yayana ya rage na ciwon haƙori, har da wanda ba a san na waye ba. Ta zaɓo mai kama da na baya ta ba shi. Duk wannan lokaci bai daina ban ruwa ba, leda yake ɗaurawa a ƙafar, ruwan kuma yana shiga ta sama ya kwanta a ciki. Sai da ƙafar ta kumbura, ta fara wari, zazzaɓi ya kayar da shi, sannan ya yarda aka kai shi asibiti.

A can suka gwada magani ɗaya bai yi ba, suka canza bai yi ba. Suka ɗebi ruwan ciwon aka kai gwaji. Likitar da ke duba shi ta tara mu ta ce ƙwayar cutar ta bijire wa kusan duk magungunan da aka saba da su, sai guda ɗaya da ake sa masa ta jijiya. Ta ce dole ya zauna a gama shi, ana wanke ciwon ana sauke sugan, in ba haka ba maganar yanke ƙafa za a koma. Sannan ta tambaya ko yana hulɗa da dabbobi ko ƙazamin ruwa, kuma wane magani ya sha a gida. Yayana, Yaya Abdulƙahhar, shi ne babba, nan take ya kawo zancen ruwan kifi. Likita ta ce yana iya yiwuwa. Tambayar magani kuwa, Inna ta sunkuyar da kai, sai Yaya ya ce ɗan na kemis ne kawai, don shi ba ya gida lokacin, iyakar abin da ya sani ke nan.

Daga jin "yana iya yiwuwa" Yaya ya hau. Ya dawo gida ya fizge tiyon, ya kwaɓa siminti ya toshe ramin. Washegari ya haɗu da Baba Boniface a ƙofar asibiti, dattijon ya riƙo kular abinci cike da farfesun kifi zai kawo wa Baba. A gaban masu gadi da 'yan adaidaita Yaya ya ce masa ruwansa ne ya ruɓar da ƙafar ubanmu, kada ya sake tako nan, kuma zai kai shi wurin duba-gari da mai unguwa a kwashe tankunan. Ina tsaye. Dattijon nan fa ya sha goya Yaya a kafaɗa yana yaro. Ya dubi kular da ke hannunsa, ya juya ya tafi. Tun ranar ƙofarsu a rufe take. In Mama Philomena ta hango ni sai ta kawar da kai, ba na fushi ba, na kunya, kuma wannan ya fi ci mini rai. Na ji an ce Baba Boniface ya fara sayar da kifin tun ba su isa ba.

Baba bai san ko ɗaya ba. Kullum in na kai abinci tambayarsa biyu ce, wa ya buɗe tiyo yau, kuma ina Boniface. Yaya ya ce mu ce ya tafi garinsu jana'iza. Ya kuma karɓe wayar Baba ya ce ta lalace. Baba ya ce wannan zancen banza ne, Boniface bai taɓa kwana a wajen Kano ba tare da ya ba shi makulli ya ciyar masa da kifi ba, ko yana kwance ai zai zo ya yi masa sallama. Lambun kuwa yana bushewa. Ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa ina ɗan zubawa, amma ba ya isa. Na sayo alayyafo a kasuwa Inna ta yi miya, muka ce nasa ne. Loma ɗaya ya yi ya ajiye cokali, ya dube ni ya ce Auta, ke ma? Wallahi sai da na fita waje na yi kuka.

Yanzu ya gaya wa nas cewa in an sauko daga masallacin Juma'a bai ga Boniface ba, zai sa hannu a takardar sallama ya tafi ya ga abin da ake ɓoye masa, ƙafar kuma tasa ce. Na san Baba, zai yi. Yaya ya ce in aka gaya masa gaskiya jininsa da sugansa za su hau, kuma ina ganin yana tsoron fushin Baba a kansa. Inna ba ta cin abinci. Jiya muna wanke-wanke ta tambaye ni a hankali ko garin nan da ta barbaɗa ne ya jawo, na ce a'a, alhali ban sani ba. In na kare Baba Boniface dole in faɗi zancen gwangwani, laifi ya koma kan Inna. In na yi shiru, an zalunci mutumin da ban taɓa ganin sharrinsa ba. Wani lokaci kuma in na tuna ruwan rawayan nan sai in ji ni ma ina jin haushinsa.

Anti, ruwan ne ya jawo ko maganin gida? In gaya wa Baba ko in bi Yaya? Ni ce ƙarama, ba a cika jin maganata ba, amma ba na so in wayi gari mahaifina ba ƙafa saboda mun kasa faɗar gaskiya.

Taki,
Autar gida, daga Fagge

*

Ƙanwata Auta,

Na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taki, don kin yi gaskiya, ba ta jira. Allah ya ba Baba lafiya. Kin kuma iya ba da labari, har na ji kamar na san gidanku. Ni malamar makaranta ce, kimiyyar halittu nake koyarwa, ba likita ba ce, don haka kafin in amsa sai da na tuntuɓi wata ƙawata likita da wani tsohon ɗalibina da ya zama likitan dabbobi.

Mu fara da abin da ya fi komai. Baba ya zauna a asibiti har likita ta ce an gama. Duk wata magana, ta laifi ce ko ta zumunci, a bayan wannan take. Yanzu ki duba da kanki, me ke neman tayar da shi daga gadon? Ba ciwo ba ne, ba gajiya da allura ba ce. Ya gane ana rufe shi ne. Mutumin da ya gane alayyafon kasuwa da loma ɗaya ba za a riƙe shi da labarin jana'iza ba. Yayanki yana tsoron gaskiya ta tayar masa da suga, kuma tsoron yana da tushe. Amma damuwar da yake kwana da ita yanzu ma tana tayarwa, kuma gara ya ji a inda nas take kusa da ya ji a tsakar gida, tsaye a kan ciwo, yana kallon siminti. A gaya masa. Ku sanar da likita tukuna, ku roƙe ta ta kasance a kusa.

Sai tambayarki, ruwan ne ko maganin gida. Amsar gaskiya ita ce ba wanda zai iya rantsuwa a kan ɗaya. Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa ɗalibaina. Mutane kan ce jikin wane ya saba da magani. Ba jikin ba ne, ƙwayoyin cutar ne. Duk lokacin da maganin kashe ƙwayoyin cuta ya same su amma bai kai ƙarfin da zai gama da su ba, raunanan sai su mutu, masu taurin su rage, su hayayyafa, har su kan miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Kafso da aka sha yau aka bari gobe, da garin da aka barbaɗa a kan ciwo, da ragowar da aka zaɓo don kalarsa ta yi kama, duk wannan suke yi. Tankin kifin da ake zuba wa magani ba ciwon komai, shi ma wannan yake yi, kuma yawancin magungunan kifi da kaji dangi ɗaya ne da namu, don haka ƙwayar da ta koyi jure na tanki tana iya jure na asibiti. Ga kayan cikin kaji da ke zuwa da nasu ƙwayoyin daga wata gonar. Ga kwata, ga ƙasa, ga asibitin kansa, don a can ma ana ɗaukar irinsu. Ciwo a buɗe a ƙafar mai suga, a cikin leda mai ruwa, ƙofa ce ga kowannensu. Wataƙila ɗaya ne, wataƙila haɗuwa suka yi.

Don haka Yaya Abdulƙahhar bai yi kuskure ba da ya tsayar da ruwan. Da ni ce ma zan tsayar. Kada ki ɗauke shi mugu, ɗa ne da aka ce masa za a iya yanke ƙafar ubansa, ya nemi abin da zai kama, tiyo ne ya fi kusa. Kuskurensa shi ne ya mai da "yana iya yiwuwa" hukunci, ya kuma zartar da shi a bainar jama'a a kan sa'an mahaifinsa. Baba Boniface shi ma yana da abin gyarawa, babba ma, domin yadda yake zuba magani yana iya cutar da masu cin kifinsa da duk wanda ruwan ya bi ta ƙofarsa. Amma abin da ya ga ana yi ya yi, kuma ba shi kaɗai ya huda katangar ba. Haushin da kike ji wani lokaci ba laifi ba ne, kada dai ki yi aiki da shi.

Zancen gwangwani kuwa, ba a gaban taro za ki fara faɗa ba, wurin likita za ki faɗa, yau. Ki kwashi gwangwanin yadda yake ki kai mata, ki gaya mata wanda aka sha da wanda aka barbaɗa da yadda ake sha ana bari. Ta tambaya ne don tana bukatar sani, ba don ta kama mai laifi ba, kuma ƙawata ta ce irin wannan bayani yana taimaka musu ƙwarai. Ki bar mata shi a can su zubar yadda ya dace, kada a juye a kwata ko a masai. Inna kuma ki daina ce mata a'a, ba ta yarda ba, shi ya sa ba ta cin abinci. Ki gaya mata abin da na gaya miki, cewa ba a san takamaimai ba, cewa abin da ta yi shi ne abin da rabin garin nan ke yi da kyakkyawar niyya, kuma yanzu an sani an daina. Wannan zai fi kwantar mata da hankali, domin gaskiya ne.

Kin ce ke ƙarama ce. To kada ki tsallake yayanki, kada kuma ki yi masa gardama a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai, ki gaya masa abin da bai sani ba, har da ledar da Baba ke ɗaurawa. Mutumin da ya san rabin labari ne ya yi abin da ya yi, ki ba shi ɗaya rabin. In ya ƙi saurara, ki sa Inna ta kira shi, ko wani babba da yake jin nauyinsa. Abin da za ku nema a wurinsa abu biyu ne, ya mai da wa Baba wayarsa, kuma ya je gidan Baba Boniface ya ba da haƙuri a kan yadda ya yi maganar. Ba sai ya janye damuwarsa a kan ruwan ba, wannan tana nan. In girman kai ya hana shi zuwa kafin Juma'a, ke da Inna ku je. Mama Philomena za ta buɗe wa Inna ƙofa.

Na nace a kan wannan ne don wani dalili. A duk mutanen da kika lissafa, wanda nake ganin zai iya zaunar da Baba a gadon nan shi ne Baba Boniface. Ku 'ya'yansa ne, zai ce ƙafarsa ce. Abokin da suka tsufa tare shi ne zai zauna a bakin gado ya yi masa tsiya har ya miƙa hannu a sa allura. Shi ma dattijon yana can yana ɗauke da zargin ya nakasa amininsa, yana bukatar ya ji cewa ba a tabbatar da haka ba.

Maganar duba-gari, ina ganin a bar batun kai ƙara. In aka kwashe tankunan Baba Boniface gobe, masu kifi da masu kaji nawa ne a Fagge da Sabon Gari ke yin irin haka suna saki a kwata? Abin da zai yi amfani shi ne ya daina sayar da kifinsa a firgice, ya nemo likitan dabbobi ko malamin gona mai kula da kiwon kifi ya zo ya duba. Ɗalibina ya ce yawancin mutuwar tarwaɗa daga cunkoso ne da ƙazamin ruwa da abinci marar kyau, ba rashin magani ba. A rage yawansu a tanki, a kula da ruwa, a bar ba su ɗanyen kayan cikin kaji, a daina zuba magani don rigakafi, kafson mutane kuwa a bar shi kwata-kwata. In ciwo ya zo, likita ya faɗi magani da adadinsa, ya faɗi tsawon lokacin da za a jira kafin a sayar, ya kuma nuna inda za a zubar da ruwan da aka sa wa magani, nesa da rijiya da lambu da wurin wasan yara. Wannan zai rage masa asara ma. In Yaya yana da sauran zafi, ya kai shi wurin mai unguwa ta wannan fuskar, a tara masu kiwo da masu kemis na layin a kira ma'aikatan lafiya su yi musu bayani.

Lambu kuma kada ku yi wa Baba alkawarin komai zai koma yadda yake, don ba zai koma ba. Latas da duk abin da ake ci ɗanye ya rabu da ruwan kifi. Abin da ya rage a buhunan yanzu, a wanke da ruwa mai tsabta a dafa sosai. Ko nan gaba za a sake buɗe ramin don ruwan da ba magani, wannan sai masana sun duba, kuma ko an buɗe, ba ƙafar Baba ce za ta sake tsayawa a ciki ba. Mai suga takalmi rufaffe yake sawa, ya duba tafin ƙafarsa kullum, ko ƙaya ce ta soke shi asibiti za a nufa, ba gwangwani ba. Ki rage buhunan zuwa abin da ruwan garuwa zai iya riƙewa, ki gaya masa gaskiyar guda nawa suka rayu, ki ce ya koya miki daga kan gado. Zai yi faɗa. Ki bar shi ya yi, in dai a kwance yake yinsa.

Ba zan ce miki ƙafar za ta tsira tabbas ba, wannan yana hannun Allah, sannan likitoci. Amma damar da ta rage tana cikin maganin nan guda ɗaya, kuma ba ya aiki a kan wanda ya sa hannu ya tafi. Kada ki jira Juma'a, ƙanwata. Ki ga likita yau, ki ga yayanki da yamma, gobe da safe ku ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya sa ya taka zuwa gida da ƙafafunsa biyu, ya sanyaya zuciyar Inna, ya daidaita tsakaninku da maƙwabtanku. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ina tare da ke da addu'a.

Anti Jawahir